Sunan Yanka da Sunan Shahara: Hanyar Tabbatar da Sunan 'Yar Wasan Kwaikwayo

Ya kan faru ɗalibi ya rubuta kundi bisa wasannin kwaikwayo na Hausa, ya ambaci wata 'yar wasa da sunan da duniya ta san ta da shi, sai malamin da ke duba aikin ya ja layi da jar tawada ƙarƙashin sunan, ya rubuta a gefe cewa a nemo sunanta na gaskiya. Haka nan ma'aikacin ɗakin karatu, in ya zo shigar da faifai ko mujalla cikin fihirisa, sai ya rasa sunan da zai ɗora bisa kati. Ɗalibin ya kan koma intanet ya kwafo abin da ya fara gani, malamin kuwa ya karɓa, domin sunan ya fi na farko tsawo, ya kuma yi kama da na takarda. Da haka kuskure ke shiga kundi, daga kundi ya shiga littafi, in ya shiga littafi kuwa fitar da shi sai an sha wuya.

Asalin wahalar yana cikin tambayar ita kanta. Wanda ya ce a nemo sunan gaskiya ya ɗauka mutum suna ɗaya gare shi, sauran duka na aro ne. A ƙasar Hausa ba haka abin ya ke ba, balle ga mata. Mace guda ta kan ɗauki suna huɗu ko biyar tsakanin haihuwa da tsufa, kowanne da wanda ya laƙaba shi da wurin da a ke kiranta da shi, babu kuwa na ƙarya a cikinsu. Aikin mai bincike shi ne ya rarrabe irin kowane suna, ya kuma san a bakin wa ya same shi.

Ya kamata a fara daga inda suna ke farawa. A garuruwan arewacin Zamfara, kamar Galadi ta ƙasar Shinkafi, da ƙauyukan Zurmi da na Ƙaura Namoda, in an haifi ɗiya uba ko wani malami ya kan yi mata huɗuba a kunne, sunan kuwa ya zauna tsakanin uban da mutum biyu ko uku har ranar ta kewayo. Ran kwana bakwai da sassafe maza su taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya tambayi uba ko wakilinsa sunan, ya faɗa, a yi addu'a a shafa Fatiha, a yanka rago. Sa'an nan maroƙi ya ɗaga murya ya yi shelar sunan domin matan da ke cikin gida su ji, su rangaɗa guɗa, wanzami ya shiga ya yi aski. Wannan shi ne zanen suna, wanda a wajen Kano a ke ce wa raɗin suna, sunan da aka yanka ragon da shi kuma shi ne sunan yanka. Abin lura a nan shi ne, a duk wannan taro babu wanda aikinsa ne ya rubuta kome. Shaidar sunan tana cikin kunnuwan waɗanda suka halarta.

Kafin a gama cin naman suna ma an fara binne sunan. In an yi wa mahaifiyar uban takwara, to, uban da matansa da ƙannensa ba mai iya buɗe baki ya kira yarinyar da shi, sai a ce Inna, ko Uwa, ko Ummi, ko Iya. In 'yar fari ce, uwar ba za ta ambaci sunanta ba har abada, saboda alkunya. Ranar haihuwa ma tana da nata: Ladi, Altine, Talatu, Larai ko Balaraba, Lami, Jummai, Asabe. Wadda ta zo cikin watan Ramalana ita ce Azumi, ta ranar idi Tasalla, wadda ta biyo bayan maza Kande, wadda ta biyo bayan tagwaye Gambo, ta ƙarshe Auta. Uwar da 'ya'yanta ke mutuwa suna ƙanana, watau mai wabi, ta kan kira wadda ta samu Ajuji ko Barmani, wai don mutuwa ta raina ta ko ta tausaya. Duk waɗannan ba a yanka rago da su, amma da su yarinya ke tashi, har ta kan yi wayo ba ta san tana da wani ba.

Akwai kuma wani kashi wanda ya fi rikita masu bincike, shi ne laƙabin da ke manne da sunan yanka kamar inuwa. Fatima ita ce Binta, ita ce Fati, ita ce Zahra'u. A'ishatu ita ce Indo, da Shatu, da Humaira. Hadizatu ita ce Dije da Kubura, Hauwa'u Kulu da Jidda, Zainabu Abu, Halimatu Sadiya, Maryamu Mairo. Bahaushe in ya ji Kulu ya san Hauwa'u a ke nufi, ba sai an gaya masa ba. Amma fa zamani ya kwance wannan ɗauri, don yanzu a kan yanka rago da Binta ko Sadiya ko Humaira kai tsaye, har a sami Fatima da Binta uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda haka laƙabin nan ishara ce kawai zuwa ga sunan yanka, bai kai hujja ba.

Misalin da ya fi tara waɗannan duka wuri ɗaya ba na 'yar wasa ba ne, na 'yar siyasa ne. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001, sunanta na yanka Hajaratu. Gambo ta same shi don ta biyo bayan tagwaye, Sawaba kuwa a fagen jam'iyyar NEPU ta same shi. Sunan da ke bisa tituna da gine-gine a yau babu sunan yankanta a ciki, ba kuwa wanda zai ce tarihi ya yi kuskure da ya riƙe ta da shi.

Masu sana'ar fitowa gaban jama'a sun daɗe da ƙara wani suna bisa waɗannan, tun kafin a san fim. A wannan yanki na Zamfara, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, mutumin Tubali, Ibrahim sunansa, amma Narambaɗa aka sani, riwayar da ta fi yaɗuwa kuwa ita ce daga sunan wata karyarsa, Rambaɗa, laƙabin ya fito. Kassu Zurmi Abubakar ne. A cikin mata, Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, Sa'adatu ce. Ko fim ɗin majigi da aka riƙa yawo da shi ƙauyuka a shekarun 1950 domin koyar da noma, Baban Larai, sunansa alkunya ce bisa sunan rana.

Da aka fara fina-finan bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, mata suka shigo sana'ar da yawa, sai wannan tsohuwar al'ada ta sami sabon fili. Fatima da Hadiza da Maryam sun yi yawa a cikin 'yan wasa, tilas a sami abin bambance su. Wata da ƙasa aka bambance ta. Hadiza Aliyu, wadda aka haifa a birnin Libreville a 1989, ta zama Hadiza Gabon. Mawaƙiyar fina-finan nan 'yar Maraɗi, Binta Labaran, ta zama Fati Nijar. Sai dai a kula, sunan wuri ba ya nuna mahaifa a kowane lokaci, don Mamman Shata a Musawa aka haife shi, aka kuwa ce da shi Shata Katsina. Wata kuma sunan fim ne ya bi ta, kamar Hafsat Idris da aka riƙa kira Ɓarauniya saboda fim mai wannan suna na 2016. Marigayiya Hauwa Ali Dodo, wadda ta rasu a haɗarin mota a farkon 2010, masu kallo da yawa Biba Problem kaɗai suka sani, haka Saratu Giɗaɗo, wadda ta rasu cikin watan Afrilu na 2024, Daso a ke ce da ita. Wata kuwa gadon suna ta yi ta wajen uwa, abin da ba a saba gani ba. Maryam Booth, Maryam Ado Muhammad ce, Booth ɗin sunan da aka san mahaifiyarta da shi ne, Zainab Booth, ita ma 'yar wasa, wadda ta rasu a 2021.

Sunan da aka samu daga matsayin da aka fito cikin wasa shi ya fi haɗari, domin na wasan ne, yana kuwa iya sauya mai shi. A cikin shirin Labarina, wanda aka fara nunawa a 2020, Nafisa Abdullahi ce ta fara fitowa a matsayin Sumayya, daga baya Fati Washa ta karɓa. Wanda ya rubuta Sumayyar Labarina bai ƙara kome ba, ya ambaci mata biyu ke nan da suna ɗaya.

Maganar Fati Nijar ta cancanci a ɗan tsaya kanta. Ɗalibin da ya gano cewa Binta Labaran ce zai yi murna ya ce ya tono sunan gaskiya, an ɓoye Binta an ari Fati. Alhali kuwa Binta da Fati rassa ne biyu na Fatima. Abin da ya samu shi ne sunan da a ke kiranta da shi kafin shahara, wannan kuwa abu ne mai amfani, amma tambayar da wanne aka yanka rago tana nan ba a amsa ta ba tukuna. Haka kuma kashi na biyu na suna ba shi da tabbas irin na Turawa. Yana iya zama na uba, ko na kaka, ko na miji, ko na marikin da ya kai yarinya makaranta, yana kuma iya zama laƙabi shi ma. Giɗaɗo laƙabin Fulatanci ne, Wazirin Sakkwato Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, Usmanu ne sunansa.

To, sai mai karatu ya ce ai takarda za ta raba gardama. A nan ne mutanen boko suka fi ruɗuwa, don sun saba ɗaukar abin da ke rubuce ya fi abin da ke baki ƙarfi. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a Nijeriya duka, mai lamba 69, a 1992 aka yi ta, aka damƙa aikin ga Hukumar Ƙidayar Jama'a, a karkara kuwa haihuwar gida ta fi ta asibiti yawa nesa ba kusa ba. Don haka takardar farko da ke ɗauke da sunan yarinyar ƙauye yawanci rajistar makarantar firamare ce. Lokacin da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara aka kwaso gida gida, malami ya tambayi yarinya sunanta, ta faɗi wanda ta ke amsawa, ya rubuta. In an yi Ladi uku a aji ɗaya, ya ƙara wa kowacce sunan uba ko na gari, yadda tun zamanin Turawa aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Umaru Shinkafi. Alal misali, yarinyar da aka zana wa A'ishatu a Galadi tana iya fita firamare da takardar Ladi Galadi, ta shiga sakandare a Gusau a rubuta Aisha da sunan baffanta, ta yi aure a sauya kashi na biyu zuwa na miji. Har karin harshe yana shiga. Mutanen wannan yanki su kan ce Hwatima, malamin da ya zo daga wata nahiya kuwa ya rubuta yadda kunnensa ya ba shi.

Takardun da suka biyo baya, fasfo, da lambar banki ta BVN da aka fara a 2014, da katin shaidar ɗan ƙasa, duk a bisa wancan tushe aka gina su, inda suka saɓa kuma da takardar rantsuwa ta kotu a ke daidaita su, wadda ba ta ƙunshi kome ba sai abin da mai rantsuwar ya faɗa. Haka rajistar da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta sha neman 'yan wasa su yi. Waɗannan duka hujja ne mai ƙarfi bisa sunan hukuma, watau wanda mace ke karɓar kuɗi ko tafiya Makka da shi. Bisa sunan yanka kuwa ƙarfinsu bai wuce na malamin firamaren da ya fara rubutawa ba. Ko a Amurka, inda rubuta haihuwa ya daɗe, Marilyn Monroe takardar haihuwarta ta 1926 Norma Jeane Mortenson ta ce, ta tashi da sunan Baker, ba ta mai da sunan wasanta na hukuma ba sai a 1956.

Malaman Musulunci sun riga kowa sanin wannan matsala, hanyarsu kuwa ita ta fi dacewa da ƙasar da shaida ke baki. Masu ilmin Hadisi sun raba sunan mutum zuwa suna, da alkunya, da laƙabi, da nasaba, da danganci ga gari ko ƙabila, suka wallafa littattafai musamman don warware su, kamar Al-Kuna wal-Asma' na Imamu Muslim da Nuzhatul Albab fil Alƙab na Ibnu Hajar. Su suka tabbatar Ummu Salama Hindu ce, Ummu Habiba Ramlatu ce. Da suka zo kan Abu Huraira suka tarar da ƙauli barkatai, suka jera su, suka rinjayar da Abdurrahmani ɗan Sahru, suka ci gaba da kiransa Abu Huraira. Darasi biyu ke nan ga mai binciken fim: a faɗi saɓani inda ya ke, kuma a tambayi kowace riwaya daga ina ta fito. Shafi goma na intanet da suka kwafi juna shaida ɗaya ne, ba goma ba, sau da yawa ma in aka bi sawu sai a tarar na farkon bai faɗi inda ya ji ba.

Wa ya kamata a tambaya? Bakin mai suna shi ne farko, hirarrakin da 'yan wasa suka yi da mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, da shirin Daga Bakin Mai Ita na sashen Hausa na BBC, taska ce babba, don a nan mace ke faɗin sunanta da muryarta. Amma ko ita labari aka ba ta, tana da kwana bakwai a duniya sa'ad da aka yi abin. Waɗanda suka ji da kunnensu su ne uba da 'yan'uwansa, da goggo, da liman, da wanzami, da ungozoma. Uwa ta fi kowa sani, sai dai in 'yar fari ce, wanda ya matsa mata ta faɗi sunan ya yi rashin ladabi, bai kuwa samu ba. A tambaye ta mai sunan wa ce, za ta ce mai sunan uwar maigida ce, daga nan a nemi sunan tsohuwar a bakin wani. A cikin takardu, wadda ta fi kusa da sunan yanka ita ce katin gayyatar ɗaurin aure, domin a wurin ɗaurin aure waliyyi ba ya ba da Ladi ko Ummi, da sunan yanka da na uba a ke ƙulla shi, masu buga kati kuma su kan sa laƙabin cikin baka a gefe. Takardar saukar Alƙur'ani da ta rabon gado a gaban alƙali suna biye da ita. A ƙasar Shinkafi da Zurmi wannan aiki ya ƙara wuya, don rashin tsaron da ya addabi yankin tun shekarun 2010 ya tarwatsa ƙauyuka da dama, dattawan da suka halarci zanen suna sun watsu Gusau da Ƙaura da Sakkwato, makarantu da yawa an rufe su na tsawon lokaci.

Saura abu ɗaya wanda littattafan koyar da bincike ba su cika ambata ba. Ba kowace 'yar wasa ke son a san sunan gidansu ba. Sana'ar har yanzu tana da masu ƙyamarta, wata ta fito ba da son dangi ba, ta ajiye sunan ubanta don kada a riƙa nuna shi a masallaci ko a kasuwa. Wasu kuma suna tsoron a haɗa sunan yanka da na uwa a kai wa boka, ko mai bincike ya yarda da wannan ko bai yarda ba, tsoron na gaske ne ga mai shi. A Indiya ma, wadda Hausawa suka daɗe suna kallon fina-finanta, Nargis ta fim ɗin Mother India na 1957 Fatima Rashid ce, Meena Kumari kuma Mahjabeen Bano, kowacce da dalilinta na fitowa da wani suna. Abin da mace ta faɗa da bakinta a bainar jama'a halal ne a rubuta. Abin da aka samo ta bayan gida, daga akawun makaranta ko maƙwabci, in ba ta yarda ba, kundin digiri ba ya bukatarsa. Haka laƙabi mai muni. Alƙur'ani cikin Suratul Hujurati ya hana jifan juna da irinsa, malaman Hadisi suka halatta ambaton irin su A'amash, watau mai raunin gani, don ganewa kaɗai. Wanda zai rubuta Ɓarauniya bayan sunan baiwar Allah, lalle ne ya nuna a wurin cewa sunan fim ne.

Game da fihirisa, ƙa'idar da masu wannan aiki suka amince da ita a taronsu na Faris a 1961 ita ce a shigar da mutum da sunan da aka fi saninsa da shi, a yi nuni daga sauran zuwa gare shi. Wannan ya dace da Hausa, sai dai kada a juya sunan irin na Turawa, a wayi gari da Gabon, H. ko Nijar, F., kamar dai ƙasa ce ta haife su. A rubuta Hadiza Gabon yadda a ke faɗa. A ƙarƙashi a sa Hadiza Aliyu, a nuna irin sunan, da bakin da aka ji shi, da shekarar. Gurbin sunan yanka a cika shi in an sami mai shi ta faɗa a fili cewa na yanka ne, ko wanda ya halarci taron ya shaida da yardarta. In ba a samu ba a bar gurbin fayau, a rubuta a gefe waɗanda aka tambaya da ranar da aka tambaye su, domin wanda zai ɗauki aikin daga baya ya san inda aka tsaya.